Ƙashin Sa da Ƙullin Zoɓo

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, in kuma da wasu take magana, "waccan ta Daura". A Sandamu ba wanda yake ganin wannan abin mamaki, haka muka tashi muka tarar da iyayenmu. Sai dai kunyar Inna ta fi ta sa'o'inta, kuma da na yi aure sai ta ninka ta faɗa kan mijina. Shekara da shekaru yana zuwa gaishe ta, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ita kuma ta amsa daga bayan labule da murya can ƙasa. Bai taɓa ganin ta tana cin abinci ba. Na sha yi masa tsiya cewa in ya haɗu da surukarsa a kasuwa zai iya taya ta cinikin akuya bai gane ta ba.

Mijina likitan ƙashi ne, kuma a shekarun da nake ba da labarinsu shi kaɗai ne a asibitin Daura inda yake aiki. Duk wanda babur ya kayar a hanyar Zango, duk wanda sa ya take a kasuwar Mai'adua, in dai bai tafi wurin mai ɗori ba, a hannunsa yake ƙarewa. Ni kuma malamar makaranta ce, abin da na sani game da ƙashi bai wuce wanda nake sa wa a miya ba.

Da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Inna ta fito da safe za ta ba awaki dusa, ta taka inda ruwan indararo ya yi gansakuka, santsi ya kwashe ta. Ina tsakiyar darasi aka kira ni. Kafin azahar an kawo ta asibiti a bayan motar haya, kwance a kan katifa, ta cije gefen mayafinta don kada a ji ta yi kuka. Aka ɗauki hoto. Na ga mijina ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana kallo, na kuma san irin wannan kallon nasa.

Ya ja ni gefe ya ce ƙashin cinya ne ya karye, can sama kusa da ƙugu. Sai an buɗe an sa ƙarfe an ɗaure da ƙusoshi. In aka bar ta a kwance, in ji shi, kwanciyar ce za ta kashe ta tun kafin karayar ta yi tunanin haɗuwa: baya ya yi gyambo, ƙirji ya cika, tsohuwa ta tafi a hankali ana kallo. Ya buga waya Katsina, ya buga Kano. Ko'ina layi ne, babu gado sai nan da makonni, ita kuwa ba ta da makonnin.

Ni na shiga na gaya mata. Ta saurare ni fuskarta na kallon bango, sannan ta ce, "Wa zai yi aikin?"

Na ce mata ai ta san shi kaɗai ne a asibitin.

"Ki aika wa Kawunku ya zo ya mai da ni gida."

"Inna, likita ne fa. Aikinsa ke nan. Mata nawa ya yi wa?"

"Su ba su ba shi 'ya ba."

Na roƙa, na kawo maganar larura, na ce ko malamai sun halatta. Ta ce ita ba ta ce haramun ba ne, ta ce ba za ta iya ba ne. Ina da baki, kowa a gidanmu ya sani, ranar kuwa na sake shi. Na ce mata ashe ta zaɓi ta ruɓe a kan gado don kada surukinta ya ga cinyarta. Matan da ke jinya a ɗakin duk suka juyo. Inna ta ja mayafi ta rufe kai, na fito cike da haushi da tsoro.

Kawu, yayan Inna, ya iso da yamma. Dillalin shanu ne, mutum mai magana ɗaya. Akwai wani mai ɗori a bayan Zango da ya taɓa ɗora masa hannu ya warke sarai, can yake so ya kai ta. Mijina ya durƙusa a gabansa ya ce shi bai raina ɗori ba, ya ga hannuwa da ƙwauri da yawa da suka haɗu a hannun masu ɗori, amma wannan karayar tana can cikin nama inda kara da tsumma ba sa kamawa. Kawu ya shafa gemu ya ce, "To, Likita, kai ta ƙi ka, can kuma ka ce babu gado. In zuba ido ke nan? Ranar kasuwar Mai'adua mai zuwa zan je. In na dawo ba ku yi komai ba, da mota zan zo."

Akwai wata ƙaramar likita a asibitin, 'yar cikin gari, siririya, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana taimaka wa mijina a tiyata, ta riƙe masa, ta ɗinke bayan ya gama, ta ma yi ƙananan karaya da kanta. Irin wannan aikin kuwa ba ta taɓa riƙe injin huda ƙashi ta yi ba. Ni na kawo sunanta, don na rasa inda zan kama. Da aka gaya wa Inna, ta ce, "Mace ce? To." Amma ta sa sharaɗi, ta kuma sa Kawu ya zama shaida: mijina ba zai taka ɗakin tiyatar ba sai in da bakinta ta ce ya shigo. Ya tsaya a bayan ƙofa ya ce ya amince.

A hanyar gida na ce masa, "Ai da sauƙi. Ba ga na'urar nan taku ba? Ta je ta yi ta gwadawa."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba.

Na'urar da nake nufi wasu masu taimako ne suka kawo ta daga waje, shekara biyu ko uku kafin nan. Na je bikin buɗe ta, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka sha lemo. Tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a fuska, da wani mariƙi kamar na injin huda. In ka sa tabaran sai ka ga ƙafar mutum a buɗe a gabanka, in ka danna mariƙin ka ji yana ture hannunka kamar ƙashin gaske. Har ni aka ba na gwada, na huda ƙafar wani bawan Allah da babu shi ta fita ta baya, aka yi ta dariya. Aka ce daga yau likitocin Sandamu da Zango da Mai'adua za su riƙa zuwa suna koyon aiki ba tare da sun taɓa mutum ba. Na tafa da gaske ranar, don na san yadda mijina yake dawowa gida a gajiye yana cewa da ma su uku ne.

Ashe ba ta yi wata nawa tana aiki ba. Ba ta son wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, janareta kuma na tiyata ne, ba a ƙona mai don a huda ƙafar da babu ita. Tana son intanet mai ƙarfi. Tana son a sabunta mata izini kowace shekara daga can inda aka ƙera ta. Likitocin ƙauye da aka ce za su zo, kowa shi kaɗai ne a asibitinsa, in ya taho wa zai bar wa marasa lafiya? Daga ƙarshe wani abu ya karye a cikin mariƙin, mai gyara kuma yana wata ƙasa, aka lulluɓe ta da zanin gado aka kulle ɗakin. Mijina ya ƙara da abin da ya fi ba ni tsoro. Ya ce ko tana aiki, ita tana nuna wa mai koyo hoton cikin ƙashi yana motsi a allo, yana ganin inda bakin injin ya kai. Ɗakin tiyatarsu ba shi da wannan allon. A nan da hannu da kunne ake sanin inda aka kai.

"To da me za ta koya?" na ce.

"Gobe da sassafe zan biya mahauta."

Haka tsakar gidana ta zama makaranta. Ya dawo da ƙasusuwan cinyar sa a buhu, mahauta na ta yi masa ba'a cewa Likita ya koma sayar da romo. Ya kife tsohon turmina, ya ɗaure ƙashi a kai da robar taya. Ya kawo injin huda irin na kafintoci mai batir, wanda ya ce nauyinsa ɗaya da na tiyata. Sannan ya buɗe firji ya ɗauko ƙullin zoɓon da nake yi wa yara, ya ɗaure shi a bayan ƙashin, manne da shi.

Na ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Jijiyar jini. A can ma kusan nan take kwance."

Da ma ban tambaya ba. Likitar ta zo bayan la'asar, ta gaishe ni, "Anti, ina wuni, ya mai jiki?" Ta naɗe hannun riga ta karɓi injin. Ya bayyana mata a gabana, shi ya sa har yau na iya. Ƙashi kamar bututu yake, bango ta nan, bango ta can, tsakiya ɓargo. Dole ƙusa ta kama bango biyun. Za ka huda na farko, injin ya yi sauƙi a tsakiya, ya kama na biyu, to a nan aikin yake. Dab da zai fita, kukan injin yakan canza, ya yi siriri ya hau sama. In ka ji haka ka sassauta hannu. In ba ka ji ba, nauyin jikinka ya tafi da injin gaba.

Ta fara. Injin ya yi gurnani, garin ƙashi ya riƙa zuba, wari kamar na ƙonannen gashi ya cika gidan. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Sai na ga hannunta ya zurma, ledar ta fashe, ja ya malalo ta jikin turmin ya bi siminti ya nufi magudana. Na san zoɓo ne. Ni na dafa shi, ni na sa masa citta da kanumfari. Amma sai ga ni zaune a kan dakali ina salati.

Mijina bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Sake." Ya ɗauko wani ƙullin.

Na daina ƙirga waɗanda ta fasa a yinin farko. Na tsane ta ranar, in faɗi gaskiya, na tsani siraran hannuwanta da shirunta, na tsani masu jawabi a rumfa da suka tafi suka bar mu da zanin gado. Da ta zo wanke hannu a famfo na ce mata, "Likita, wannan zoɓon dai ina da wani a firji. Uwa ce ba ni da wata." Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Na sani, Anti." Mijina ya harare ni. Ban ba da haƙuri ba a lokacin, tsoro ya fi ƙarfin ladabina.

Kullum da safe ina asibiti wajen Inna. Ana juya ta, ana shafa mata mai a baya, amma na fara ganin wuri ya yi ja a ƙugunta, ta kuma fara wani ɗan tari. Ba ta tambaye ni komai game da aikin ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "An ce yarinyar nan kullum tana gidanku. Ki riƙa ba ta abinci." Kullum da yamma kuma ina gida ina jin kukan inji. Maƙwabta suka fara leƙe, wata ta aiko 'yarta ta tambaya ko gini muke yi. Karnukan unguwa suka tare a bayan katangarmu.

A hankali ƙullin ya daina fashewa. Ta huda jere guda, mijina ya duba bayan ƙashin, bakin injin ya leƙo kaɗan ya tsaya, ledar na nan cike. Na fara numfashi. Sai shi kuma ya ɓata mini rai, ya ce ai ba a yi komai ba tukuna. Ƙashin sa mai ƙarfi ne, hannunta ya saba da dannawa, na Inna kuwa ƙashin tsohuwa ne da ta haifi tara, ya zama fanko. In ta danna shi da ƙarfin da ta koya a kan sa, za ta wuce kafin ta ji komai. Ya ce in dafa masa wasu ƙasusuwan da kanwa, in yi ta dafawa har su yi rauni. Na ɗora babbar tukunyar biki, na yini ina tura itace. Da aka ɗaura dafaffen a turmi, a hudar farko zoɓo ya sake malala.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Daga cikin ɗakin ina jin su. Gurnani, sauƙi, gurnani, sai siririn kukan nan, sai shiru. "Sake." Ban ankara ba kunnena ya koya. Ina wanke-wanke, ina ninke kaya, in na ji siririn kukan sai hannuna ya tsaya da kansa, in jira in ji ko ya ce "madalla" ko ya buɗe firji. A yammacin ƙarshe na leƙa ta taga na ga ya tsaya a bayanta, bai taɓa ta ba, ya ɗora yatsa biyu a bayan injin kawai, in lokacin sassautawa ya yi ya ɗaga su. Ranar bai buɗe firjin ba.

Kawu ya dawo daga kasuwa da mota kamar yadda ya ce. Aka gaya masa gobe da safe za a yi. Ya sallami direban, ya ce shi zai zauna ya ga an cika alkawari.

Saboda raunin zuciyar Inna da tarin nan, mai ba da maganin barci ya ce ba zai sa ta barci ba. Allurar baya zai yi mata, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ita kuma tana farke tana jin duk abin da ake faɗa. Ya kuma ce allurar tana da lokacinta, in ta fara saki dole a rufe, an gama ko ba a gama ba. Aka tura ta ciki da hantsi. Muka zauna a benci a baranda, ni da Kawu, mijina kuma ya ƙi zama. Ya sa kayan tiyata, ya wanke hannu har gwiwa, ya tsaya a jikin ƙofa hannuwa a sama kamar mai addu'a, bai shiga ba.

Tagar ɗakin ta sama a buɗe take, don haka muka ji lokacin da injin ya tashi. Kawu yana jan carbi, a wurinsa ƙara ce kawai. Ni da mijina muna jin kowace gaɓa. Gurnani, sauƙi, gurnani. Siririn kuka. Shiru. Na dube shi, ya gyaɗa kai. Na biyu ma haka. A na uku gurnanin bai yi nisa ba injin ya mutu a tsakiya, ba a inda ya kamata ya tsaya ba. Muka jira ya sake tashi. Bai tashi ba. Na ji janareta, na ji wata mai tallan gyaɗa a bakin titi.

Nas ta leƙo ta yi wa mijina magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ba a taɓa jijiya ba, likitar ta tsaya da kanta. Ƙashin ne ya tsage ya yi ƙasa, ƙusoshin da ta sa ba su kama ba, suna juyawa a banza. Ta ce wannan ba ta taɓa ganinsa ba, ba za ta ci gaba da ka ba. Ya fara gaya wa nas abin da za a yi, ya tsaya, ya ce, "Sai na gani. Ba zan iya faɗa ban gani ba." Ya juya ya dubi Kawu.

Kawu ya ce, "Ba ni na sa sharaɗin ba, Likita. Shaida kawai nake."

Na tashi na ce wa nas ta ba ni riga. Ban san ko doka ta yarda ba, ban kuma tambaya ba. Suka sa mini riga da hula da abin rufe baki, suka bi da ni ta gefen bango zuwa wajen kan gadon. An tare da koren zane daga ƙirjinta, ba na ganin abin da ke can, sai kan likitar a sunkuye. Inna na kwance idonta a buɗe tana kallon silin. Na durƙusa dab da kunnenta. Duk bakin nan nawa ya gudu. Na ce, "Inna, aikin ya tsaya. Allurar ta kusa saki. Don Allah, don Annabi."

Ba ta dube ni ba, da ma ba ta saba ba. Mai allurar ya dubi agogo ya dube ni. Na kama hannunta, abin da rabona da yi tun ina ƙarama, na ji shi sanyi ƙalau.

Can ta ce, "Yarinyar nan kuka take yi?"

Na ɗaga kai. Likitar ba ta yi sauti ba, amma abin rufe bakinta ya jiƙe. Na ce, "E."

"Tun ɗazu nake jin numfashinta." Ta ɗan juya kai wajen koren zanen. "Ni na ci zamanina. Amma ba zan mutu a hannun 'yar mutane ta ɗauki wannan har tsufanta ba." Ta rufe ido. "Ki ja mayafin nan ki rufe mini fuska. Ki ce wa mutumin ya shigo. Kada in ji muryarsa."

Na rufe mata fuska. Ya shigo bai yi sallama ba, karon farko a rayuwarsa da ya shiga inda take bai yi ba. Ba su kore ni ba, don haka na zauna riƙe da hannunta. Ta saman koren zanen ina hango kawunansu biyu. Bai karɓi injin ba. Ya duba, ya nuna da yatsa, nas ta miƙo wani ƙarfe da ya fi tsawo da waya ta ɗaure tsagar, ya sake nunawa. Sannan ya koma bayan likitar ya ɗora yatsa biyu a kan injin kamar yadda na gani a tsakar gidana. Injin ya tashi. Ba wanda ya ce komai a ɗakin har aka gama, sai Inna da ke ta jan salati a ƙarƙashin mayafi, hawaye na jiƙa shi ta gefen kunne. Ta fara cewa tana jin ja a fatarta lokacin da suke ɗinkin ƙarshe. Shi kuwa ya riga ya fice.

Inna ta tashi. Ba a yi kaka ba ta fara takawa da ƙarfen dogarawa, kafin sanyi ta koma sanda. Likitar tana yin wannan aikin ita kaɗai yanzu, ni kuma na kai mata turmin atamfa har gida na ba ta haƙurin abin da na faɗa a bakin famfo. Na'urar tana nan a kulle da zaninta, turmina kuma bai koma daka ba, don duk sabon likitan da aka turo sai ya biyo ta tsakar gidana.

Da ta koma Sandamu muka je gaishe ta. Mijina ya cire takalmi a zaure kamar kullum, ya yi sallama. Ina gaba, na ga labulen ɗakinta ya motsa, Inna ta fito ta gefe da sandarta, kai a lulluɓe, ta bi bayan rumbu ta shige ƙaramar ƙofar da ke haɗa mu da maƙwabta. Ko muryar can ƙasa da take ba shi a da, yanzu ba za ta iya ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin da babu kowa, ya yi gaisuwarsa har ƙarshe, ya ajiye ledar goro, muka fito. Haka ake yi har yau, in ta ji ƙarar motarsa ta tashi.

Abin ya yi mini ciwo, na ji masa ciwo, don na san yana ƙaunarta kamar uwar da ta haife shi. Muka shiga mota. Mun kusa kwalta ya share ido da bayan hannu ya ce, "Kin ga saurin da ta yi? Ko jan ƙafar ba ta yi."